Kurege da Randunan Tsere

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

To, wannan ta Kurege ce.

Wata shekara da kaka, Kurege da matarsa Kuregiya suka cire gyaɗarsu. Suka ware ta ci, suka ware ta iri. Kuregiya ta zuba irin a tukunya, ta kifa kasko a kai, ta liƙe bakin da laka, ta ajiye a ƙuryar rami. Ta ce ba mai taɓawa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Kurege ya ce shi ko kallon wajen ba zai yi ba.

Bai kalla ba kuwa, sai da ta tafi rafi. Ya kankare lakar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya don ya ga ko ƙwari sun shiga. Ƙwari ba su shiga ba. Ya ɗauki ta biyu don ya tabbatar. Washegari ma ya duba. Duk ƙwayar da ya ci sai ya saka tsakuwa a madadinta, ya mayar da laka, ya shafe da yawu. Kafin bazara ta raba, tukunya ta zama tsakuwa zalla.

Kuregiya kuwa kullum da safe takan ƙwanƙwasa tukunyar da farce, ta kasa kunne, sannan ta dubi mijinta. Wata rana ta ɗaga ta, ta ajiye.

Ta ce, "Maigida, gyaɗar bana nauyi gare ta."

Ya ce, "Albarka ce."

Ta juya ta ci gaba da aikinta. Abin nan ya dami Kurege. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ranar da ruwa ya sauka za a fasa laka, za a ga tsakuwa. Gona ba shuka, gida ba abinci, kuma dajin nan kaf zai ji cewa Kurege ya cinye irinsa. Dole ya sami gyaɗa kafin ruwa.

A dajin nan akwai wata al'ada. Duk ƙarshen bazara ana tseren kiran ruwa. Ana tashi daga gindin tsamiya da rana tsaka, a gudu har Farin Dutse. Tsofaffi sun ce gumin masu gudu ne ke kiran hadari. Saboda haka isa da wuri kaɗai ba ya ba ka nasara, sai ka isa, ka sunkuya, guminka ya ɗiga a kan dutsen kowa ya gani. Baba Kwaɗo, wanda shi ne Sarkin Ruwa, yakan girke randuna uku a bakin hanya: ɗaya a gindin marke, ɗaya a tsakiyar faƙo, ɗaya dab da dutse. Kowane mai gudu yakan tsaya ya sha moɗa guda ya wuce. Wanda ya ci kuwa, taiki guda na gyaɗa nasa ne.

Bana masu gudu uku ne suka fito: Barewa, Jimina da Jaki. Kurege ya je ya ce shi ne na huɗu. Aka yi dariya, aka ce to.

Kurege ya zauna ya yi tunani. Ƙafarsa ba ta kai ta Barewa ba. Takunsa goma bai kai ɗaya na Jimina ba. Amma ya taɓa ganin abin da ƙishirwa ke yi wa mai gudu. Ƙafa ba ta gudu ita kaɗai, sai da ruwa a jiki. In ruwa ya ragu, jini ya yi kauri, zuciya ta yi ta fama, ƙafa ta yi nauyi. Ya ce a ransa, ai ba sai na fi su gudu ba, in dai na fi su ruwa.

Saura kwana uku, ya tafi gidan Barewa da hantsi. Suka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi zafi. Ya tashi zai tafi, ya koma ya zauna. Ya buɗe baki, ya rufe. Barewa ta ce lafiya?

Ya ce, "Yaya Barewa, ni dai ban ce komai ba. Amma bana a randa za ki sha?"

Ta ce to a ina ake sha?

Ya duba dama, ya duba hagu, ya rage murya. Ya ce jiya ya ga wata mai dogon wuya ta fito daga gidan boka, da ƙullin tsumma a ƙarƙashin fiffike. Ya ce ya ji ana zancen wani magani da ake zubawa a ruwa, wanda ke sassake gwiwar mai gudu. Wani ma binne shi ake yi a bakin hanya. Barewa ta ce Jimina ke nan?

Ya ce, "Ni ban kama suna ba. Masu dogon wuya ai da yawa."

Daga nan ya wuce gidan Jimina. Ya gaishe ta, ya tashi, ya koma ya zauna.

Ya ce, "Gwaggo Jimina, ni dai ban ce komai ba."

Ya ce ya ga wata mai siririyar ƙafa da ƙaho biyu ta fito daga gidan boka. Ya ba ta labarin nan dai, bai rage ko ƙullin tsumma ba.

Jaki kuwa ya same shi a hanya yana cin ƙaiƙayi. Kurege ya dube shi, ya ce a ransa wannan ko an bar masa hanya shi kaɗai sai gobe zai isa, ɓata ƙarya ne a kansa. Ya ce, "Sannu, Kawu," ya wuce.

Da yamma ya ɗauki goruna uku na matarsa, ya cika da ruwa, ya toshe. Ya binne ɗaya a bayan marke, ɗaya a gefen faƙo, ɗaya kusa da dutse. Ya shafe sawunsa da jela. A idon jama'a ba zai taɓa randa ba, amma a bayan ciyawa zai sha abinsa.

To, ƙaryar ta kama fiye da yadda ya shuka ta. Barewa ta je rafi za ta sha, sai ta ga sawun Jimina a bakin ruwa. Ta koma gida da ƙishinta. Jimina ta zo bayanta, ta ga sawun Barewa, ita ma ta juya. Rana ta farko ke nan. A rana ta biyu leɓensu ya fara tsagewa. Barewa ta ga fitsarinta ya ragu, ya yi ja kamar zoɓo. Maimakon ta ce ƙishirwa ce, sai ta ce maganin ya fara aiki daga nesa. Jimina kanta ya yi ta sarawa, ta ce ai ga shi nan, an fara.

Ranar jajibiri kowacce ta ce bari ta je ta tono abin da aka binne mata. Suka yi kiciɓis a bayan marke, wannan na tono da kofato, waccan na tono da ƙafa. Barewa ta ce me kike nema? Jimina ta ce abin da kika ajiye. Suna cikin haka sai ga gora ta fito. Barewa ta ce taki ce, Jimina ta ce taki dai. Suka bi hanya tare, kowacce na harar 'yar'uwarta, suka tono ta biyu, suka tono ta uku. Suka fasa su duka, ƙasa ta shanye ruwan. Suka rabu ba sallama.

Kurege bai sani ba. Yana gida yana shafa wa ƙafarsa man kaɗanya.

Ranar tsere ta zo. Dabbobi suka taru a gindin tsamiya. Bisa al'ada Baba Kwaɗo ya miƙa wa kowane mai gudu guzurinsa, ƙuli-ƙuli uku-uku masu gishiri da yaji. Jaki ya cinye nasa. Barewa ta sunsuna nata ta ture. Jimina ta ture nata da ƙafa. Kurege ya ce kada a bar su a nan yara su tsinta, bari ya kai su nesa ya zubar. Ya zaga bayan tsamiya, ya zubar da su a cikinsa, haɗe da nasa, tara cif. Maƙogwaronsa ya fara kira. Ya ce masa yi haƙuri, gora na bayan marke.

Yana dawowa ya tarar Barewa ta zube fasassun goruna a gaban jama'a. Ta ce ga abin da aka binne mata. Jimina ta ce ita aka binne wa. Baba Kwaɗo ya ɗauki wani ɓari, ya juya shi, ya daɗe yana kallon zanen da ke jiki. Ya rantse cewa da hannunsa ya ɗebo ruwan randunan nan, ya sha a gaban kowa. Barewa ta ce ai shi ba gudu zai yi ba, gwiwarsa ta daɗe da sassakewa. Sai ta juyo.

Ta ce, "Kurege, kai fa? Za ka sha?"

Jimina ma ta sauko da wuyanta har gaban hancinsa tana jira.

Kurege ya haɗiyi abin da ya saura na yawu. Ya ce, "Ni? Allah ya sawwaƙe."

Aka buga ganga, suka tashi.

Rana na dukan ƙeya, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Jimina ce gaba, Barewa na bin ta, Kurege na tsalle a baya, Jaki yana can yana ƙwaras-ƙwaras. Suka iso gindin marke. Randa ta yi raɓa a jiki, moɗa na rataye. Jimina ta wuce. Barewa ta wuce, amma tana waiwaye ta ga ko Kurege zai tsaya. Kurege ya kau da kai ya wuce. Jaki ya iso, ya sha moɗarsa. Ya ga ba wanda ya sha, ya ce kada ruwa ya yi asara, ya ƙara ɗaya.

Rana na dukan ƙeya, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Suka shiga faƙo, inda ba itace ba inuwa. Yawun Kurege ya yi kauri kamar ƙaro. Harshensa ya manne a dasashi. Gishirin ƙuli-ƙuli tara ya tashi yana neman haƙƙinsa. Zuciyarsa na bugawa kamar ana daka gero, amma ƙafar ba ta ƙara sauri, sai raguwa. Ya hango randa ta biyu, ya rage gudu don Barewa ta yi nisa. Barewa ma ta rage. Ya ƙara ragewa, ta ƙara ragewa.

Ta ce, "Wuce mana."

Ya ce, "Babba ke gaba, Yaya."

Suka wuce randar kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon kowa ta gefen ido. Jaki ya iso, ya sha biyu, ya zuba ɗaya a wuya.

Rana na dukan ƙeya, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Da farko gumi na zuba musu. Can gumin ya ragu. Can ya ɗauke, jiki ya yi zafi ya bushe kamar kaskon tuya. Kun san gumi shi ke sanyaya mai gudu, kuma ba a yin gumi sai da ruwa a ciki. Jimina jiri ya kama ta, ta ga hanya ta zama biyu, ta bi wadda babu, ta zagaya wani suri sau uku kafin ta dawo. Barewa kuwa dab da randa ta uku jijiyar cinyarta ta murɗe, ta ɗaure tamau. Ta faɗi a gefen hanya, ta rufe ido.

Duk da haka Jimina ce ta fara isa Farin Dutse. Ta sunkuya. Jama'a suka matso suna jiran ɗigo. Ta girgiza kai, ba komai. Ta kaɗa fiffike, sai ƙura. Ta matse ido, ko hawaye babu. Na ji wani a cikinku yana cewa ai jimina ba ta gumi. A wancan zamanin tana yi. Ranar nan ya ƙafe, bai sake dawowa ba, shi ya sa kuke ganinta baki buɗe tana haki.

Tana tsaye tana tangaɗi sai ga Jaki, ƙwaras-ƙwaras, jikinsa sharkaf. Bai ma sunkuya ba, gumi ya zuba a dutse kamar an karkata tulu. Aka yi guɗa, aka ɗora masa taiki.

Kurege kuwa da rarrafe ya iso randa ta uku. Ya duba gaba, jama'a na can wajen dutse. Ya dubi Barewa, idonta a rufe. Ya kira ta a hankali, ba ta motsa ba. Bai nemi moɗa ba. Ya kama bakin randa, ya zura kai, ya yi ta sha. Ruwa na sauka yana bin sa, har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ba a ganin komai sai jela.

Barewa ta buɗe ido ɗaya.

A daidai lokacin aka tallabo Jimina za a ba ta ruwa, ga Baba Kwaɗo, ga Jaki, ga jama'a. Suka tarar da jela a bakin randa tana kaɗawa. Jaki ya kama ta da haƙori ya zaro mai ita.

Barewa daga kwance ta ce, da ƙyar muryarta ke fita, "Allah ya sawwaƙe, ko?"

Jimina ta ce shi ne ya ba ta labarin boka. Barewa ta ce ita ma shi ne. Suka dubi juna, suka dube shi. Jimina ta ɗaga ƙafa, ƙafar nan da ke fasa kan kura. Kurege ya ga in ta sauka, ba sauran zancen gyaɗa.

Ya kama ciki, ya faɗi, ya yi birgima, ya juya ido. Ya ce kada kowa ya taɓa shi, maganin ne yake zuƙewa. Ya ce tun yana jariri kakarsa ta dafa shi, ba maganin da ke kama shi. Da ya ga Yaya Barewa za ta mutu a gabansa, sai ya ce gara ya sayar da ransa ya tsotse dafin randar, don ta sami na sha.

Baba Kwaɗo ya ce, "Jaki ya sha a duka ukun, ga shi tsaye."

Kurege ya ce, "Ai maganin na masu sauri ne, Baba."

Jaki ya tsaya yana tunani ko yabo ne ko zagi.

Baba Kwaɗo ya dubi Kurege, ya dubi Barewa da idonta ya faɗa, ya dubi Jimina da ke tangaɗi. Ya san in ya ce ba magani tun farko, za su ce da shi aka haɗa baki, su mutu a gaban randa. Sai ya tambaya ko yanzu randar ta tsarkaka. Kurege ya ce tas. Aka ja su inuwa, aka jiƙa musu wuya da hammata, aka ɗan saka gishiri da zuma a ruwan. Baba Kwaɗo ya ce kaɗan-kaɗan, kada su kwankwaɗa. Sai da Kurege ya kurɓi kowace moɗa kafin su karɓa. A hankali jijiyar Barewa ta saki, hanya ta koma ɗaya a idon Jimina.

Da Kurege ya ga ƙafa ta sauka ƙasa lafiya, sai ya miƙe ya kakkaɓe jiki. Ya ce aikin nan mai haɗari ne, a garinsu ba a yin sa ba tukuici. Jaki, mai kirki, ya kwance bakin taiki ya auno masa mudu guda.

Baba Kwaɗo ya ce, "Madalla. Saura randuna biyu."

Kurege ya ce waɗancan ai ba gaggawa.

Baba Kwaɗo ya matso, ya zaro ɓarin gora daga aljihu, ya nuna masa shi kaɗai. Zanen tsinken tsintsiya uku ne a jiki, irin wanda Kuregiya ke yi wa kayanta.

Ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Haka aka rako Kurege faƙo, Barewa a dama, Jimina a hagu, ya tsotse dafin randa ta biyu har ƙasa. Aka kai shi marke, ya tsotse ta farko. Ya yi ta roƙon a bar sauran sai gobe, Barewa ta ce ita har yanzu tana jin warin magani. Cikinsa ya zama kamar salka. In ya taka sai ka ji ƙulum-ƙulum. Wanda da rana yake neman ɗigo, da la'asar ko kalmar ruwa ba ya son ji.

Ya kama hanyar gida da mudunsa, yana tsayawa bayan kowane kurmi. Ya ce mudu guda a saman tsakuwa zai rufe ido. Can ya ce bari ya ga ko gyaɗar Jaki tana da ƙwari. Ba ta da ƙwari. Ya ɗauki ta biyu don ya tabbatar. Kafin ya kai ƙofar rami saura cikin tafin hannu. Kuma gumin Jaki ya yi aiki, don yana sa ƙafa a gida hadari ya haɗu, ruwa ya kece.

Ya tarar Kuregiya ta fito da tukunya tsakar ɗaki tana jiransa. Ta fasa laka, ta ɗaga kasko, ta juye. Tsakuwa ta zube a gabansa. Kurege ya buɗe baki zai ce ya ga wani ɓera mai dogon gashin baki, ta ɗaga masa hannu. Ta jawo wani ƙunshi daga bayanta ta kwance. Gyaɗa ce, jajir, ba ko ɗaya da ta lalace.

Ta ce, "Tun kaka na raba irin biyu, Maigida. Na shuka na ajiye a gidan innata. Na ɓarawo na sa a tukunya."

Ta buɗe tafin hannunsa, ta kwashe 'yar ragowar, ta haɗa da nata. Ta ce gobe da sassafe za a fita shuka, shi zai yi saran rami, ita za ta riƙe iri. Sannan ta tambaye shi ina gorunanta uku.

Kurege ya ce shi dai bai ce komai ba.

Ta ce ta sani. Ta miƙo masa moɗa cike, ta ce ya sha, ta ji an ce ya yi gudu yau.

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege a hanya, zai ɗan ruga, ya tsaya a kan ƙafa biyu, ya duba dama, ya duba hagu. Yana duba ko Barewa na kallonsa ne.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan, ba don wuta ta ci itacen ba da na ƙara muku. Wanda duk zai hana mutane shan ruwa, ya fara shan nasa tukuna, kuma ya binne shi a gorar da ba ta da zanen matarsa.